Kalar shinkafar buhari da ta zobo ba hanyarsu ɗaya ba

Malam mai rahoto, sannu da ƙoƙari, amma inda ka ce duk kalar da aka zuba wa abinci tana sauya sinadaransa, akwai gyara. Mu nan Jidda kusan kullum muna cin shinkafar buhari, wadda ake yaryaɗa wa hodar rawaya a maimakon za'afaran, saboda tsadarsa. Irin wannan hodar, kamar tartrazine mai lamba E102, narkewa kawai take yi a ruwa ta manne wa ƙwayar shinkafa. Shinkafar tana nan yadda take.

Inda ake samun canji na gaske shi ne a zobo, wanda 'yan'uwanmu na Sudan ke sha safe da yamma. Ka matsa lemun tsami a ciki, ja zai ƙara haske. Ka jefa ɗan gutsuren kanwa kuma, nan take sai ya dishe ya koma duhu-duhu, tsamin ya mutu. Sinadarin da ke ba zobo launi ne da kansa ke sauya siffa. Haka kurkum yake, da ya haɗu da kanwa sai ya yi ja.

Wannan ba ya nufin a sakar wa yara alewa da lemon kwalba. Binciken Jami'ar Southampton na 2007 ya alaƙanta wasu kaloli shida da ƙiriniyar yara, har Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kayan. A Janairun 2025 Amurka ta soke izinin wata jar kala mai suna Red 3 a abinci. Abin da ya fi ba ni tsoro dai shi ne hodar da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba.