Auren kyaftin da ba a ɗaura ba

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta masoya wani shiri mai dogon zango na almarar kimiyya, irin wanda ake shiga kumbo a lula wasu duniyoyi, a tarar da halittu masu koren goshi kuma duk suna jin Turanci. Muƙamin nan ban nema ba, an ba ni shi ne lokacin da na cancanta. A wancan zamanin ina iya jero maka sunayen ma'aikatan kumbon daga kyaftin har mai goge injin, kuma na taɓa daina gaisawa da wani ɗan ƙungiya don ya ce tsohon kyaftin matsoraci ne.

Ba wani saɓani muka samu da shirin ba, haka kawai abin ya riƙa yin sanyi. Da, in sabon kashi ya fito ba na runtsawa sai na gani. Sai na koma bari sai ƙarshen mako. Daga nan na fara kunna shi ina gyangyaɗi, in farka in tarar an riga an ceci duniya ba tare da ni ba. Zango biyu na ƙarshe kuwa ko leƙa su ban yi ba.

Amma fita daga ƙungiya wata magana ce daban. Rigar ma'aikatan kumbo tana rataye a ɗakina, ko da yake yanzu maɓallin ciki ba ya kamawa. Ƙaramin kumbon roba da na ɓata darare ina harhaɗawa yana kan kabad, matata kuma ta gano cewa wutsiyarsa ta dace da rataye makulli. Sannan ga mutanen. Da su na saba, su suka zo duba ni da na yi rashin lafiya, ko da yake sun ƙare da musu a kan gadona game da ko kumbo zai iya wuce gudun haske. Yaya zan dubi idonsu in ce na gaji?

Sai na ɓullo da dabara. Kafin kowane zama nakan shiga intanet in karanta taƙaitaccen bayanin abin da ya faru, in haddace sunaye biyu uku. A wurin zama kuwa in aka tambaye ni ra'ayi, sai in girgiza kai in ce, "Ai tun da aka canja marubuta..." in bar maganar a nan, wani ya ƙarasa. In aka matsa mini, sai in jefo makamina na ƙarshe: babu iska a sararin samaniya, saboda haka fashewar kumbo ba za ta yi ƙara ba, to me ya sa muke jin ƙara? Gaskiya ce tsagwaronta, kuma ba ta taɓa kasa tayar da musun awa guda ba. Ni kuwa in sunkuya ina rubuta bayanin taro.

Asirina ya zauna lafiya har zuwa taronmu na shekara, inda shugaba ya ce sakatare ne zai yi sharhin sabon zango. Daren jajibiri na zauna nema, na ci karo da wani dogon rubutu mai tsari, kashi bayan kashi. Ina karantawa ina mamaki. Kyaftin ya bayyana wa likitar kumbo abin da ya daɗe yana ɓoyewa, sun yi aure a gaban wata tauraruwa mai shirin mutuwa, butumbutumin kumbon da bai san tausayi ba ya zubar da hawaye. Har na ji haushin kaina da na daina kallo, na ce ashe shirin nan ya farfaɗo.

Washegari na matse cikina a cikin rigar, na tsaya gaban jama'a. Na fara da tarihi don a san da malami ake magana. Na tuna musu cewa irin wannan zumunci namu ya samo asali ne daga mujallar da Hugo Gernsback ya fara bugawa a Amurka a 1926, wadda ta riƙa buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, har suka fara rubuta wa juna. Na ce babban taron masoya almarar kimiyya na duniya na farko an yi shi a New York a 1939, kuma tun a ranar aka hana wasu shiga saboda rikicin cikin gida, don haka musunmu gado ne. Aka yi dariya, aka tafa. Daga nan na shiga maganar aure.

Na kwatanta hasken tauraruwar, na kwaikwayi muryar kyaftin, da na zo kan hawayen butumbutumi har muryata ta yi rawa. Na ɗaga kai na ga kawuna suna gyaɗawa. Shugaba ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi sakatare, ni ma wurin nan ya taɓa ni." Ma'ajiyarmu ta ce ita sai da ta tsayar da kallon ta share ido. Wani daga gefe ya ce shi kiɗan da aka saka a wurin ne ya fi burge shi.

Sai wani yaro sabon shiga, wanda ko rigar bai mallaka ba tukuna, ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai sakatare, don Allah a wane kashi aka yi auren?"

Na ce, "Wajen ƙarshe-ƙarshe."

"To ai likitar ta mutu tun kashin farko na zangon, yallaɓai. Sau biyu na kalla."

Ɗakin ya yi tsit. Ina laluben maganar iska a sararin samaniya ke nan, sai wata budurwa daga kujerar baya ta miƙe a kunyace ta ce, "Malam, labarin nan ni na rubuta shi. Mutuwar likitar ce ta ɓata mini rai, na ƙirƙiri nawa na saka a intanet. Kuma ba hawaye ba ne, man injinsa ne ya zubo, na bayyana a babi na gaba."

Ban kai babi na gaba ba, barci ya ɗauke ni.

Abin da ya cece ni shi ne ba ni kaɗai na faɗa ramin ba. Shugaba ya gyara zama ya ce shi dai cewa ya yi wurin ya taɓa shi, bai ce ya gani ba. Ma'ajiya ta duƙufa binciken jakarta. Mai maganar kiɗa ya ce bari ya amsa waya, wayar da ba ta yi ƙara ba. A ɗaki cike da tsofaffin masoya, masu kallon shirin su biyu ne, kuma ɗaya daga cikinsu ba ta yarda da abin da ta gani ba.

Yaron nan bai bar mu mun huta ba. Ya ce tunda ba mu sani ba, to an ma sanar da dakatar da shirin. Na rantse na ji numfashin sauƙi ya zaga ɗakin, kowa yana cewa "kash" da fuskar da ba ta dace da kalmar ba. Amma shi idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ai a 1968 masoya Star Trek, wani shirin kumbo na Amurka da aka yi shirin dakatarwa, sun yi wa gidan talabijin ruwan wasiƙu har aka ƙara musu zango na uku, me zai hana mu yi haka? Na so in tuna masa cewa duk da haka a 1969 an dakatar da shi, sai dai ranar ba ni da bakin gyara wa kowa tarihi.

Aka amince da shawara nan take, domin babu mai ƙarfin halin ƙi. Da aka zo kan wanda zai rubuta wasiƙar, shugaba ya dube ni ya ce, "Wanda ya sa mu kuka a kan abin da bai gani ba, shi ya fi dacewa." Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da na mai waya daga bakin ƙofa.

Na rubuta shafi guda mai ratsa zuciya a kan yadda ba za mu iya rayuwa babu kyaftin ɗinmu ba, na tura wa yaron ya duba. Ya maido mini da ita da gyara ɗaya: kyaftin ɗin ya yi ritaya tun zangon da ya wuce, yanzu mace ce ke jan kumbon.