Musun 'yan United da 'yan City ya ishe mu

Duk ranar da Manchester United ta kara da Manchester City, barci ya ƙaurace wa layinmu. Gidan kallo yana jikin katangarmu. A tashi wasa tun magariba, amma har sha biyun dare ana musu a ƙofar gida. Ɗan United ya ce sun ci kofin lig 20, ɗan City ya tuna masa 6-1 da suka ci su a 2011 a Old Trafford, filin United, a jawo kofuna ukun da United ta ci a 1999, a rama da ukun da City ta ci a 2023. Ni ma ina son ƙwallo, wallahi. Amma mahaifiyata na fama da hawan jini. Jiya har zagin iyaye na ji tsakanin samari biyu da suka taso tare. Haba jama'a!