Kafa sanda a ƙasa bai isa ya kare gida ba

Dokar aikin lantarki ta Amurka, wadda ƙungiyar kariya daga gobara ta NFPA ke sabuntawa duk bayan shekara uku, ta ware sashe na 250 ga yadda ake haɗa wutar gida da ƙasa. A ganina, abin da ya fi muhimmanci a sashen shi ne wurin da aka ce a jona wayar da ke zuwa sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa: ko ina ne tsakanin inda wayoyin kamfanin wuta suka iso ginin da babban makashin wutar gidan, matuƙar hannu zai iya kaiwa. A wannan makashi ne ake haɗa wayar nutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, da jikin akwatin ƙarfe, sau ɗaya tak. Idan aka sake haɗa su a wani akwati na cikin gida, wutar da ya kamata ta koma ta nutiral za ta rarrabu, ta riƙa bin bututun ƙarfe da jikin na'urori, alhali masu gida suna taɓa su kullum.

Dokar ta kuma tsaurara kan ita kanta wayar sandar. Ba a yarda a yi mata gami ta hanyar murɗawa ko da dalma ba, sai dai da maƙalar da ake matsewa ba ta kwancewa, ko kuma da walda ta musamman. Sanda kuwa dole ta shiga ƙasa ƙafa 8, kuma idan turjiyarta ga wucewar wuta ta haura om 25 (om shi ne ma'aunin turjiya), a ƙara ta biyu, aƙalla ƙafa 6 tsakaninsu. Wasu na ganin wannan tsanani ne, amma gamin da ya yi tsatsa a bayan bango ba ya sanar da kowa sai ranar da tsawa ta sauka.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne zaton cewa sandar ce ke sa bireka ta katse wuta. Lissafi bai goyi bayan haka ba, domin bolt 120 na gidajen Amurka a kan om 25, amfiya 4.8 kawai zai bayar, wanda ba zai motsa bireka mai amfiya 15 ba. Shi ya sa dokar ta faɗa a sarari cewa ba a ɗaukar ƙasa a matsayin hanyar komawar wutar da ta kubce. Aikin sanda shi ne rage ɓarnar tsawa da hauhawar wuta.

Masu wayarin ɗinmu da ke koyo daga bidiyon Amurka a YouTube su lura da wannan. Wutarmu bolt 230 ce, kuma akwai wani tsari, irin wanda ya yaɗu a Faransa, inda ba a haɗa nutiral da sandar gida ko kaɗan, ana dogara ne da na'urar da ke katse wuta da zarar ta ji yoyo. Kafin ma'aikaci ya ɗaura waya a makashi, musamman a gidan da ke da janareta ko sola, sai ya fara tabbatar da tsarin da gidan yake kai, sannan ya auna turjiyar sandar da mita.