Shekarar da Aka Yi Ta Toshe Bakin Rediyo

Tun watan Mayun 2025 da Kwamishinan Yaɗa Labarai na Jihar Kano, Ibrahim Abdullahi Waiya, ya sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye a gidajen rediyo da talabijin na jihar, maganar ta ƙi fita daga raina. 'Yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ƙorafi na 'yan kwanaki, aka wuce wurin. Amma a majalisun unguwa da zaurukan WhatsApp, abin da na fi ji shi ne sam barka. Mutanen kirki, masu ilimi, waɗanda nake ganin girmansu, su ne ke cewa gara da aka yi haka, zagin ya yi yawa, sojojin baka, wato masu shiga rediyo su kare 'yan siyasa su caccaki abokan hamayyarsu, sun zubar wa Kano mutunci. Wannan sam barkar ce ta fi umarnin kansa damuna, domin ita ce za ta ba gwamna na gaba, a kowace jiha yake, ƙwarin gwiwar yin abin da ya fi wannan.

A sake duba abin da sanarwar ta ƙunsa. Ba a tsaya kan hana shiri kai tsaye ba. An ce duk wanda za a yi hira da shi sai ya sa hannu a takardar alƙawarin ba zai yi zagi ko ɓatanci ba, sannan an hana masu gabatar da shiri yin tambayoyin da za su iya tunzura baƙo. Wannan na ƙarshen shi ne inda gizo ke saƙar. Wace tambaya ce mai tunzurawa? Idan mai gabatarwa ya dubi kwamishina ya ce, ranka ya daɗe, an sa kuɗin titin nan a kasafin bara, ga shi har yau ko tirela ɗaya ta tsakuwa ba a zuba ba, ina kuɗin suka shiga, ai ya tunzura shi. Duk tambayar da ta cancanci ɗan jarida ya yi ta, to tana ɓata wa wani mai mulki rai. Wadda ba ta ɓata ran kowa ita ce irin ta "wane kira za ka yi ga al'umma", kuma mun gaji da jin ta.

Gwamnati ta ce ba umarni ba ne, matsaya ce da shugabannin kafafen suka cimma da kansu a wurin taro. Yarjejeniya tsakanin mai riƙe da kuɗin talla da wanda ke jiran a biya shi bashin tallar bara ba ta buƙatar dogon sharhi.

Ba na musun cewa akwai zagi a rediyon Kano. Akwai shi, kuma wani lokaci yakan kai ga iyaye da matan aure da mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Abin da nake so masu sam barka su amsa mini shi ne, wa ke ciyar da sojan baka? Duk wanda ya taɓa zama a harabar gidan rediyo da yamma ya ga yadda abin yake. Mutum zai zo a kan babur, hularsa ta riga ta faɗi ɓangaren da yake, ya wuce sashen kasuwanci ya biya, a ba shi rasit da 'yan mintoci. Ya zauna gaban makirufo, ya fara da bisimilla da gaisuwa ga maigidansa, ya jero masa kirari, sannan ya gyara murya ya juya kan abokin hamayya. Yana fita zai kira wani a waya ya ce an yi aiki, a saurara da daddare. Kuɗin da ya biya ba daga aljihunsa suka fito ba. Kwankwasiyya na da nata sojojin, Gandujiyya na da nata, kuma kafin su ma kowane gidan siyasa a Kano ya riƙe nasa. Waɗanda ke mulki a yau da wannan makamin suka yi adawa shekara da shekaru, a lokacin kuma ba mu ji sun ce yana zubar da mutuncin jiha ba. Ɗan siyasar da zagi ya dama da gaske yana da magani a hannunsa tun kafin gari ya waye: ya daina biya.

Ga kuma abin da duk ma'aikacin rediyo ya sani. Yawancin kalaman sojojin baka dama naɗar su ake yi kafin a saka, edita ya saurara, ya yanke abin da ya ga dama. Idan zagi ya fita a irin wannan shiri, to da sanin gidan ya fita, saboda mai zagin ya biya. Hana shiri kai tsaye bai taɓa wannan kasuwa ba ko kaɗan. Abin da ya taɓa shi ne sa'ar nan guda da ake zaunar da mai muƙami a ɗakin watsa shiri a buɗe layukan waya. A nan ne wata uwa daga Rimin Gado ko Sumaila za ta kira ta ce asibitin garinsu babu ko ma'aikacin jinya da daddare, kuma jami'in yana zaune, jama'a na ji, dole ya ce wani abu. Zai yi kame-kame, zai ce ana kan bincike, amma kowa ya ji shirun da ya yi kafin ya amsa. Wannan shirun shi ne ba a iya samu a shirin da aka naɗa. Da zarar an ce sai an naɗa, almakashi ya koma hannun manajan tasha, kuma tsakanin naɗi da sakawa akwai isasshen lokacin da waya za ta shigo daga gidan gwamnati.

Wata uku ba su cika ba sai ga Minna. A farkon Agustan 2025 Gwamnan Jihar Neja Mohammed Umaru Bago ya ba da umarnin a rufe tashar Badeggi FM, a ƙwace lasisinta, a binciki mai ita, bisa zargin tana tunzura jama'a. Ya yi wannan magana ne a taron jam'iyyarsa ta APC, ba a gaban alƙali ba. Sai da Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, wanda shi ma ɗan Jihar Neja ne kuma ɗan jam'iyya ɗaya da gwamnan, ya fito ya tuna cewa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ita ce kaɗai ke da hurumin dakatar da lasisin gidan rediyo. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar watsa shirye-shirye da rabon mita a jerin abubuwan da ke hannun Tarayya, ban da tashar da jiha ta mallaka da kanta, kuma tun 1992 aka kafa NBC domin wannan aiki. Gwamna na iya juya gidan rediyon jiharsa yadda yake so, kuma suna yi. Tashar ɗan kasuwa ba tasa ba ce. An riga an yi irin wannan a Zamfara cikin Oktoban 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu kafafe, har da NTA da Pride FM na Gwamnatin Tarayya, saboda sun ɗauki taron PDP, daga baya ta janye. A 2025 Kano ta NNPP ce, Neja ta APC, kuma babu abin da ke nuna cewa wata jam'iyyar za ta yi daban idan ta samu dama. Cutar kujera ce.

Abin da ya sa na ɗauki lamarin da zafi shi ne lokacin da ya faru. Mai sauraron Hausa bai taɓa rasa muryoyi da yawa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci kamar a wannan tsakanin ba. A ranar 14 ga Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin rage hukumar da ke kula da Muryar Amurka, washegari aka tura ma'aikata sama da 1,300 hutun dole. Sashen Hausa, wanda ke magana da mu tun 1979, ya yi tsit. Masu kama tashar sun ji kiɗa a lokacin labarai, har wasu suka fara tambaya ko juyin mulki aka yi a Amurka, domin abin da kiɗa a lokacin labarai ke nufi ke nan a ƙasashenmu. Kafin nan, a Disambar 2024, gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da BBC na wata uku saboda rahoton wani hari a yankin Tera, kuma RFI dama a rufe take a can tun Agustan 2023. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya saba jin waɗannan shirye-shirye a FM ta tashoshin garinsu ya wayi gari babu su.

Na san masu cewa Allah ya raka taki gona, dama kafafen Turawa ne masu manufarsu. Suna da manufarsu, babu shakka, amma wakilan da ke aiko musu rahoto daga Sakkwato da Bauchi da Birnin Ƙonni 'ya'yanmu ne, kuma sau da yawa labarin da tashar gida ta ji tsoron taɓawa a bakinsu muke fara jin sa. Shekara da shekaru haka tsarin yake: idan gwamna ya danne labari a gida, da asuba ko da daddare za a ji shi daga London ko Washington ko Bonn, daga nan sai tashoshin gida su samu bakin magana, tunda an riga an faɗa. Yanzu wannan mafakar tana raguwa. Nauyin ya dawo kan tashoshin FM na cikin gari, kuma a daidai wannan lokacin ne aka zaɓi a ɗaure musu baki, mu kuma muna tafi.

Masu cewa zamanin rediyo ya wuce, yanzu kowa na TikTok, su je su faɗa wa mutanen Zamfara da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021, lokacin da akwatin rediyo mai batir biyu ya zama hanya ɗaya tilo ta sanin abin da ke faruwa a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da su. A farkon 2025 ma hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Manomin da ke rataye rediyonsa a reshen bishiya yana noma, da matar da ke jin shiri tana tuƙa tuwo, da direban da ke kan hanyar Funtuwa da daddare, ba su koma ko'ina ba. Waɗanda za su koma TikTok su ne sojojin bakan, kuma can babu edita, babu lasisi, babu wanda za a kai ƙara. Wanda ya kore su daga rediyo zuwa can bai rage zagi ba, ya cire masa linzami ne.

Su ma masu gidajen rediyon ba zan wanke su ba. Tun da aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa har suka fi ƙarfin kasuwar tallar da ke garin. Cire tallafin mai a 2023, da tsadar dizal, da ƙarin kuɗin wutar rukunin Band A a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kan kowane yunit, sun ƙara matse su. Na'urar watsa shiri ba ta san uzuri ba, ko a ba ta wuta ko ta mutu. To sai mafita ta zama sayar da lokaci ga duk mai kuɗi, ɗan siyasa ne ko mai maganin da ke warkar da cuta arba'in. Tashar da rabin kuɗin shigarta daga 'yan siyasa yake fitowa, kuma wakilanta ke jiran ambulan a wurin taron manema labarai saboda albashi bai zo ba, ba za ta iya duban kwamishina ta ce ba ta yarda ba. Shi ya sa aka zauna a taron nan aka gyaɗa kai. Gidajen gwamnati kuwa, daga na jihohi har zuwa Rediyon Tarayya na Kaduna da aka kafa harsashinsa a 1962, wanda a da idan ya yi magana Arewa duka ke ji, an bar su da tsofaffin na'urori da labaran "gwamna ya ce, gwamna ya yaba".

NBC ɗin da muke kafa hujja da ita ma tana da nata tabon. Ita ce ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM a farkon 2022, ita ce ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 a Agustan 2022 kan bashi, har sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a Mayun 2023 cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tarar kowa. Shugabanta naɗin Shugaban Ƙasa ne. Duk da haka tana da kundin ƙa'idoji a rubuce, ana iya kai ta kotu a yi nasara, an kuma yi. Umarnin da aka bayar a taron jam'iyya, ko matsayar da aka cimma a ofishin kwamishina, ba su da shafin da lauya zai buɗe.

Maganin zagi a shirin kai tsaye ba ɓoyayye ba ne. Akwai na'urar jinkirta sauti na 'yan daƙiƙoƙi da tashoshin duniya ke amfani da ita, mai gabatarwa ya danna maɓalli kalmar banza ba za ta fita ba. Akwai dokar ɓata suna, akwai kotuna, wanda aka zaga ya je ya nemi haƙƙinsa a kan mai zagin da tashar da ta ba shi makirufo. Gwamnatoci su biya bashin tallar da ake bin su, su daina amfani da shi a matsayin sanda. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma cikin watanni masu zuwa kowane gwamna zai so ya ji muryarsa kaɗai a akwatin rediyo. Shugabannin tashoshin Kano da suka halarci wancan taro su fito su gaya wa masu sauraronsu abin da suka amince da shi, kuma su sanar a bainar jama'a cewa layukan wayarsu a buɗe suke ga duk mai tambaya.