Alhaji Ƙanƙamo da Akwatin Rezo

(Shagon Alhaji Ƙanƙamo, dillalin albasa da gyaɗa, a bayan babbar kasuwar Garwa, arewacin Kamaru. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, ko ƙadangare ya nemi inuwa. Kwaɗo uku ne a ƙofar shagon, ga kuma Jauro mai gadi da sandarsa. Alhaji Babarbare ne, Jauro Bafulatani, saboda haka kada a tsorata da abin da ke fita daga bakunansu, taubasantaka ce. Injiniya ya sauka daga babur yana sharce gumi.)

INJINIYA: Salamu alaikum. Alhaji, an wuni lafiya? Ya zafi?

ALHAJI: Zafi lokacinsa ne, kai ne dai ka makara. Tun hantsi rezo ya tafi, babu intanet ko ɗigo. Ga mota can cike da albasar Marwa za ta Duwala, takarda kawai take jira. Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba.

INJINIYA: Ina akwatin rezon? Farin nan mai ƙaho biyu da na kafa bara.

ALHAJI: Yana nan a tsare. Akawu, buɗe masa.

(Akawu ya buɗe akwatin ƙarfen da ake ajiye kuɗi, ya fito da wani ƙunshi na jar fata da aka ɗinke ruf, layu huɗu na reto a jiki, waya ta leƙo ta wata 'yar kafa.)

INJINIYA: Ikon Allah! Wa ya yi masa sutura tun bai mutu ba?

MALAM TSIBBU: Ni ne nan. Ba kai ka ce ta cikinsa ɓarayi ke shigowa ba? To na ɗaure shi. Ɓarawon da ya tunkare shi, hannunsa zai ƙage.

INJINIYA: Allah gafarta Malam, taɓa ka ji. Ya yi zafi kamar kaskon mai ƙosai. Waɗannan ƙananan hujojin na jikinsa, ta nan yake shan iska. Kun toshe su, kun kuma kulle shi cikin ƙarfe, ƙarfe kuwa tare rezo yake yi.

JAURO: Aradu na faɗa musu. Ko saniya ka ɗinke wa hanci, kada ka zo da ƙwarya da safe. Amma Babarbare ba ya jin magana sai ta kuɗi.

ALHAJI: Rufe mana baki, ɗan daji. Gadi na ɗauke ka, ba wa'azi ba.

(Injiniya ya farke fatar da reza, ya yi wa akwatin fifita da kwali, ya rataye shi a bango. Can fitilunsa suka koma kore.)

AKAWU: Ya dawo! Amma tafiyar hawainiya yake yi.

INJINIYA: Bari in ga masu hawa. Alhaji, mutum nawa ke aiki a shagon nan?

ALHAJI: Huɗu. Biyar in ka ƙirga Jauro cikin mutane.

INJINIYA: To wayoyi 43 ne a kan layinka yanzu haka. Ga wani ma yana kallon wasan ƙwallon Coton Sport. Mece ce kalmar sirrin wifi ɗin?

ALHAJI: (ya waiga, ya rage murya) Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas.

MAI SHAYI: (daga ƙetaren titi) Alhaji, ka manta ka ƙara tara ran Juma'a!

ALHAJI: Wa ya gaya wa wannan?

AKAWU: Kai ne, ranka ya daɗe. Ranar da ya yafe maka kuɗin shayi kofi biyu.

INJINIYA: Ko bai ji daga bakinka ba, zai canka. Duk shekara idan aka fitar da jerin kalmomin sirrin da aka fi amfani da su a duniya, wannan tana sahun gaba. Ɓarawo ita yake fara gwadawa kafin ya ce bismillah.

MALAM TSIBBU: Ɓarawo ba ya bismillah.

INJINIYA: Na karɓi gyara, Malam. Alhaji, damuwata ba kallon ƙwallo ba ce. Layin da mai shayi ke kai, shi ne kwamfutar akawu ke kai, mai littafin bashi da lissafin motoci. Kamar ka buɗe zaure ne ya zarce har ɗakin uwargida babu labule. Zan raba layin biyu, na ofis daban, na baƙi daban.

ALHAJI: Na baƙin, nawa za su riƙa biya?

INJINIYA: Wannan tsakaninku ne. (ya zauna gaban kwamfuta) Subhanallahi. Har yanzu tsohuwar manhajar Windows 7 ce a kwamfutar nan?

ALHAJI: Me ya same ta? Lafiyarta ƙalau. Peugeot ɗina 504 ta girme ka, kuma har gobe tana zuwa Kuseri ta dawo.

INJINIYA: Tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft, mai yin Windows, ta daina aiko wa wannan gyara. Ka san katangar laka, duk shekara sai an yi mata yaɓe kafin damina. Wannan magininta ya ce ya daina zuwa. Kullum ɓarayi na gano sabuwar tsaga, babu mai liƙewa. Windows 10 ma da ta zo daga baya, an sallame ta a Oktoban 2025.

ALHAJI: Wato dai sabuwa kake so in saya. Na san a rina.

INJINIYA: Bari in ba ka labari. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu ƙasashe sama da 150, ta bi ta kan injinan da ba a yi wa gyara ba. Har asibitocin Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ba ta ɗauke komai, kulle takardunka take yi, ta ce ka biya dalar Amurka 300 kafin a buɗe.

JAURO: Garkuwa ke nan. Har takarda ake kamawa yanzu?

INJINIYA: Ita ce, Baffa. Kuma ko ka biya, babu tabbas a sako.

ALHAJI: Su kulle mana! Wa zai biya fansar takarda? (ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya) Akawu, bashin da nake bin mutanen Injamena, a ina yake rubuce?

AKAWU: A ciki.

ALHAJI: Na 'yan Ngaundere fa?

AKAWU: A ciki.

ALHAJI: Wanda ake bi na fa?

AKAWU: Shi masu shi suna da nasu littafin.

ALHAJI: La haula! Wato nawa ya ɓace, nasu ya zauna? A kawo min ruwa.

AKAWU: Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe, ina da kwafi a kile.

ALHAJI: Makulli kuma? Na wace ƙofa?

INJINIYA: Filashi yake nufi, ɗan abin nan kamar yatsa. Ina yake?

AKAWU: Ga shi a soke a bayan kwamfutar. Shekara biyu ban taɓa zare shi ba, don kada ya ɓata.

INJINIYA: To ai duk abin da ya ci kwamfutar, tare zai haɗa da shi ya yi loma ɗaya.

JAURO: Kai yaro, ba ka taɓa kiwo ba. Babana shanunsa kashi uku ne. Wasu a gida, wasu wajen ƙanensa a bakin Lagdo, wasu can tudun Adamawa. In ciwon huhu ya shiga garke ɗaya, biyu na nan. Wanda ya tara dukiyarsa a ruga ɗaya, kura ma dariya take masa.

INJINIYA: Baffa, wallahi abin da aka koya mana a makaranta ke nan. Kwafi uku, a wurare daban-daban, ɗaya nesa da shago. Kuma lokaci-lokaci a buɗe a gani ko yana da rai.

JAURO: Nawa ka biya aka koya maka?

INJINIYA: Shekara uku ina biya.

JAURO: Da ka zo ruga, da ƙwaryar nono ɗaya ka gama.

(Wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya sa ta a lasifika, don a ganinsa riƙe waya a kunne yana cinye batir.)

MURYA: Alo, Alhaji Ƙanƙamo ne? Daga kamfanin waya nake kira. Albishirinka! Lambarka ta ci sefa miliyan 2.

ALHAJI: (ya miƙe tsaye) Goro fari! Na san wannan mafarkin da na yi ba na banza ba ne.

MALAM TSIBBU: Aikina ne. Kada a manta da zakkar malamai.

MURYA: Sai dai za ka fara turo dubu 10 na takardu.

ALHAJI: (ya koma ya zauna) Cire a cikin miliyan biyun, ka turo sauran.

MURYA: To, babu damuwa, an yafe maka. Faɗo lambar sirrin asusunka kawai, in zuba maka yanzu.

ALHAJI: Yawwa, ɗan albarka, wannan ba ta cin kuɗi. Rubuta. Ɗaya, biyu…

(Injiniya ya yi tsalle ya danne masa baki. Jauro ya fizge wayar.)

JAURO: Kai mai kyauta! Kawo kuɗin a buhu, bayan babbar kasuwa, shago mai kwaɗo uku. Ka tambayi Jauro mai sanda. Ni zan ƙirga, kai kana tsugune. Alo? Alo? Aradu ya gudu.

ALHAJI: Kun yi min buƙulu! Yaron nan har sunana ya sani.

INJINIYA: Alhaji, sunanka da lambarka suna rubuce a allon shago da jikin motoci shida, harafi kamar kan jariri. Riƙe wannan: mai zuba maka kuɗi lambar wayarka kawai yake buƙata. Lambar sirri ta fitarwa ce. Kamfani ba ya tambayarta, banki ba ya tambayarta. Haka in an ce an turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, duba asusunka da kanka tukuna, kada ka yarda da saƙon da ka gani.

AKAWU: Ba za a kama shi ba?

INJINIYA: Akwai doka tun Disambar 2010 a kan laifukan intanet, akwai kuma ANTIC, hukumar gwamnati mai kula da tsaron intanet, da ake kai wa ƙara. Rubuta lambar da ya kira da ita, za mu kai. Alhaji, ita ma lambar asusun, ɗaya biyu uku huɗu ce, ko?

ALHAJI: Kai ma wa ya gaya maka?

(Awa biyu Injiniya na aiki. Ya raba layi, ya kwafe littafin bashi, ya sa aka canja lambar asusu, ya ƙirƙiro kalmar sirri doguwa: sunaye huɗu da ba su haɗa dangi ba, da lamba a tsakani. Ya raɗa wa Alhaji a kunne.)

INJINIYA: Kai da Akawu kaɗai. Kada a liƙa a bango, kada a ba mai shayi. Aikina dubu 25 ne.

ALHAJI: Don fifita da kwali? Ga buhun albasa can, na ƙasan ne kawai suka ɗan yi laushi.

(Bayan ciniki mai tsawo aka tsaya a dubu 12 da rabin buhu. Washegari Injiniya ya dawo ɗaukar cajarsa da ya manta, ya leƙa kwamfuta.)

INJINIYA: Alhaji! Wayoyi 61 a layin ofis!

ALHAJI: Wallahi ban faɗa wa kowa ba. Kalmar ce ta ƙi zama a kaina, ga raƙumi ga tattasai ga Binuwai. Shi ne na ce Malam ya rubuta min a allo in wanke in sha, ta zauna daram.

INJINIYA: To ina allon?

MALAM TSIBBU: Ai ba a wanke rubutu da ɗanyen tawada. Na jingine shi a bakin titi ya bushe.

MAI SHAYI: (daga ƙetaren titi) Malam, raƙumin nan da babban baƙi ne ko ƙarami?