Ƙannena, Wutar Da Kuke Cinna Wa Daji Tana Biyo Mu Har Tafki

Assalamu alaikum ƙannena samari, musamman ku da kuke fita farauta da karnuka da zarar an gama ɗibar amfanin gona.

Shekaranjiya da la'asar ina dawowa daga kasuwa na hango hayaƙi ya turnuƙe yamma da gari, shirwa sun cika sama suna ta cafkar farar da wuta ta koro. Ban tambayi kowa ba, don na san yadda abin yake farawa. Gafiya ta shige rami ko zomo ya faɗa cikin gamba, wani ya ga tona zai ɗau lokaci, sai ya ƙyasta ashana. Iskar hunturu kuma ba ta jiran izinin kowa. Kafin magariba wutar ta wuce inda idonku yake gani, ku kuwa kun riga kun dawo gida da abin da bai cika tukunya ɗaya ba.

Ina gaya muku wannan ne don ni ma na yi. Ina ɗan shekara 16 muka sa wa wani fili wuta saboda gafiya ɗaya. Washegari na koma neman gorata da na yar a wurin. Ƙasa baƙa ƙirin, tana ɗumi har ta cikin takalmi. A gindin wani kalgo na tarar da kunkuru, ƙwaryar bayansa ta tsage, ya shigar da kai da ƙafafu ciki kamar yadda ya saba yi in ya ji tsoro. Dabarar da Allah ya ba shi ke nan, kuma tana yi masa maganin kare da dila, amma ba ta maganin wuta. Gaba kaɗan ga bushiya, ita ma ta dunƙule. Na daɗe a tsaye a wurin. Gafiyar da muka yi abin dominta ma ba mu same ta ba.

Barewa da gada suna da ƙafa, tsuntsu yana da fiffike. Waɗanda wuta take gamawa da su su ne marasa gudu: kunkuru, bushiya, hawainiya, damo, kwaɗi da suka ɓuya ƙarƙashin ganye suna jiran damina, 'ya'yan zomo, da zumar da take cikin kogon itace. Wanda ya tsira ma, ina zai je? Ciyawar da yake ɓuya a ciki ta tafi, abincinsa ya zama toka, ga watanni huɗu ko biyar kafin ruwa ya sauka. Ku tambayi tsofaffin mafarautan garinku yaushe rabonsu da ganin garken zabin daji a bayan gari, ku ji amsa. A gobarar da aka yi a Ostireliya daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, masana sun ƙiyasta cewa dabbobi kusan biliyan 3 ne suka mutu ko suka rasa matsuguni, kuma mafi yawansu masu jan ciki ne irin su ƙadangaru da macizai. Tamu ba ta kai tasu girma ba, amma tamu duk shekara ce, kuma da hannunmu muke kunna ta.

Na san abin da za ku ce, don na sha ji: ai daji ya saba da wuta, kakanninmu ma suna ƙonawa, kuma ciyawa ta fi fitowa da kyau bayan an ƙona. Akwai gaskiya a ciki. Itatuwan dajinmu irin su kaɗanya da taura suna da ɓawo mai kauri, suna jure wuta mai sauƙi. Amma wuta suna ta tara. Wadda aka sa a ƙarshen damina, ciyawa da sauran danshi, da sassafe ko da yamma iska a kwance, tana tafiya a hankali tana barin tsibirai da ba ta taɓa ba, dabbobi su fake a ciki. Irinta ce ma'aikatan gandun daji suke sawa da gangan don rage busasshiyar ciyawa. Wadda kuke sawa a Janairu zuwa Maris, komai ya bushe ƙayau, tsakar rana, iska na kaɗawa, ita takan tashi sama da tsawon mutum, ta lashe rassa, ta dafa ɓawo. Kuma lokacin ne kaɗanya da ɗorawa suke fure. Furen da ya ƙone a bazara shi ne man kaɗen da ba za a samu ba, shi ne kalwar da mahaifiyarka za ta saya da tsada kafin ta yi daddawa.

Babbar asarar ma ƙananan itatuwa ce, waɗanda ba su wuce gwiwa ba. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. In kowace shekara wuta tana bi ta kan 'yar tsiro, yaushe za ta kai? Shi ya sa za ka shiga daji ka ga manyan itatuwa tsofaffi jefi-jefi, babu na tsakiya, babu ƙanana. Ranar da tsofaffin suka faɗi, shi ke nan. 'Yan uwanmu na jihar Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da yake yiwuwa in aka bar tsiro ya rayu. Tun wajen tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke tohon da yake fitowa daga kututture, suna gyara shi suna kare shi, har aka ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 ya sake samun itatuwa, gawo da kalgo da sabara da sauransu. Aikin shekaru ne irin wannan, kuma ashana ɗaya tana iya mayar da gonar mutum baya cikin awa guda.

Yanzu ga abin da ban gane ba sai da na girma, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Wutar ba ta ƙarewa ranar da ta mutu. Tokarta tana nan kwance, ƙasa tsirara, babu ganye babu saiwar ciyawa da za su riƙe ta. Ruwan farko in ya zo da ƙarfi, maimakon ya nutse sai ya kwashi toka da ƙasar sama ya gangara da su rafi da fadama da tafki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda iyayenmu mata suke tace ruwan toka ya san kaifinsa, ɗan kaɗan ake sawa a girki. To ku auna tokar daji guda ta zuba a ƙaramin tafkin da ruwansa ya riga ya ja baya. Laka tana toshe wa kifi hanyar numfashi, tana binne ƙwansa. Tokar kuma taki ce, sai gansakuka ta yi yawa, in ta ruɓe ta cinye iskar da take cikin ruwan. A shekarar da muka yi waccan ɓarna, bayan ruwa na biyu, tafkin da muke kamun kifi a ciki ya koma kamar an zuba masa bula. Da safe karfasa suka taso ciki sama, jere a bakin gaɓa. Tarwaɗa ce kawai ta rage, don ita tana iya leƙowa ta shaƙi iska. Mutane suka ce wani ne ya zuba guba. Babu wanda ya haɗa abin da wutar watan Fabrairu, har ni.

Kuma ruwa ba ya tsayawa a garinku. Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore kafin ya shiga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, daga nan ya shayar da masu noman rani a Kura da Kadawa, ya ci gaba har fadamun Haɗeja da Nguru inda masunta da makiyaya da tsuntsayen da suke zuwa daga Turai suke rayuwa a kansa. Ƙasar da ta zaizaye daga tudun da aka ƙone, a gindin irin waɗannan ruwaye take kwanciya.

Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga gidan tururuwa da sahabbai suka ƙona, ya hana, ya ce bai dace wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Gidan tururuwa ɗaya fa, ƙannena. Ni wannan hadisin yana hana ni sukuni in na tuna kunkurun nan.

Ban ce ku bar farauta ba. Ku ɗauki fartanya ku tona ramin, in ta kuɓuce ba rabonku ba ce. Mai cin zuma ya kashe bakin wutarsa da ƙasa kafin ya bar gindin itace, mai shan taba ya take guntun da ƙafa. Manomin da dole sai ya ƙona sharar gona ya tara ta wuri ɗaya, ya share kewaye, ya jira yamma, ya tsaya har ta mutu. A Nijar, bayan damina mai kyau, mutanen karkara sukan fita su share dogayen layuka a cikin makiyaya don in wuta ta zo ta rasa abin ci ta tsaya. Mu ma ranar Asabar bayan sallar asuba za mu share irin wannan layin tsakanin dajin yamma da bakin tafki, mai unguwa ya amince. Wanda yake da fartanya ko manjagara ya zo da ita, wanda ba shi da ita ya zo haka nan, ina da guda biyu a gida.