Malaman lissafi, don Allah ku daina ce wa yara π daidai take da 22/7

Jama'a akwai wani abu da ke ci mani tuwo a ƙwarya game da yadda ake koyar da lissafi a makarantunmu nan Sakkwato. A aji guda malam zai ce wa yaro π (abin da kake samu in ka raba kewayen da'ira da faɗinta) lamba ce irrashinal, wato ba a iya rubuta ta a matsayin lamba kan lamba, gobe kuma ya dawo ya rubuta π = 22/7 a allo. To yaro ya kama wanne? Ai 22/7 lamba kan lamba ce ƙiri-ƙiri. Shi ya sa yaranmu suke haddacewa kawai su zuba a jarabawa su manta.

Alhali abin bai da wuya wallahi. Rashinal ita ce duk lambar da za ka iya rubutawa da cikakkun lambobi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, in dai ta ƙasan ba sifili ba ce. Mu da munka tashi muna jin rabon gado a zaure ai mun san su tun kafin mu shiga boko: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi. Sumunin da matar mamaci ke samu in akwai ɗa ko ɗiya, 1/8 ke nan, ka raba ya ba ka 0.125 ya tsaya cak. Sulusi kuwa 0.333 ne har abada, bai tsayawa amma abu guda yake ta maimaitawa. Kuma akwai dalili, in kana raba abu da 7, ragowar da za ta iya fito maka daga 1 zuwa 6 ce kawai, dole wata ta sake dawowa, da ta dawo kuwa sai lissafin ya koma inda ya faro. Shi ya sa 22/7 take ba da 3.142857 sannan 142857 ɗin ya yi ta zagayowa.

Ita kuwa π 3.14159265 ce tana tafiya, ba ta tsayawa ba ta zagayowa. Ku duba, tun a lamba ta uku bayan ɗigo sunka rabu. Archimedes ma, masanin lissafi na tsohuwar Girka, da ya yi aiki da 22/7 cewa ya yi π ba ta kai ta ba. Masanin lissafi Al-Kashi a birnin Samarkand a 1424 ya bi ta har gurbi 16 bayan ɗigo, sai a 1761 wani masanin lissafi mai suna Lambert ya kawo hujjar cewa ba za ta taɓa rubutuwa lamba kan lamba ba.

Haka √2, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 2. Malam ya sa yara su zana murabba'i a ƙasa, kowane gefe mita guda, su ja igiya daga kusurwa ta ratsa tsakiya zuwa kusurwar da ke fuskantar ta su gwada da tef, za su ga kusan 1.41, √2 ke nan. Igiyar ga ta a hannunsu, tsawonta na gaske ne, amma babu wasu cikakkun lambobi biyu da za su faɗe shi daidai. Yaron da ya riƙe igiyar nan ba ya sake ruɗewa.

Na sani masu jarabawa su kan ce a ɗauki π a matsayin 22/7, ba laifi, don sauƙin aiki ne. Abin da nike roƙo kawai malam ya ƙara kalma guda, ya ce "kusan", ya rubuta ≈ a allo, kuma ya tsaya minti biyar ya nuna wa yara rabawar da hannunsa.